Agogon Zafi a Rumfar Mazarƙwaila

Ƙauyenmu yana bakin fadama, tsakanin Makarfi da Kudan, kuma tun da na yi wayo na tarar rake muke nomawa. Idan damina ta ɗauke, aka shigar da dawa rumbu, sai gari duk ya koma bakin fadama. A sare rake, a kai shi injin matsa wanda doki ke juyawa, ruwan ya tsiyaya cikin garwa, a juye a babban kasko, a hura wuta da busasshen ɓawon raken da aka matse. Daga nan kuma aiki ya koma hannun mutum ɗaya, mai dahuwa. A garinmu babban mai dahuwa ƙanen mahaifina ne, wanda ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifin nawa. Baffa nake ce masa.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce mai dahuwa ba ya aikin komai. Wasu ne ke sara, wasu ke kora doki, wasu ke iza wuta da juya muciya. Shi dai yana tsaye da 'yar ƙwaryar ruwan sanyi a hannu, yana kallon kasko, har lokacin da zai ce, "A sauke." Amma a kan wannan kalma noman shekara yake tsayawa. In ya yi gaggawa, mazarƙwaila ba za ta daskare ba, sai ta zauna tana danƙo tana tsiyaya a cikin kwano. In ya yi jinkiri, ta ƙone, ta yi baƙi da ɗaci. Tsakanin biyun bai fi lokacin da mutum zai karanta Fatiha sau biyu ba.

Sa'ad da aka samu mulkin kai ina da aure da 'ya ɗaya. Na yi shekara huɗu a elementare ta Makarfi, saboda haka ina karanta boko, na kuma san lambobi. Rani uku na yi ina juya wa Baffa muciya. Ba mutum ne mai bayani ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Duba," ko kuwa, "Saurara." In duba, in ga kumfa. In saurara, in ji tafasa. Wata rana na gaji na tambaye shi yaushe zai bar ni in faɗi kalmar da kaina.

Ya ce, "Ni rani bakwai na yi ina juyawa kafin a bar ni. Kai uku ka yi."

Na ce, "To Baffa, ku gaya mini abin da kuke gani mana."

Ya ce, "Da ana iya faɗinsa, ai da na faɗa maka tuni mun huta."

Raina ya ɓaci a ranar, na ɗauka rowa yake yi mini.

Shekara biyu ko uku bayan mulkin kai, wata mota ta tsaya a ƙofar gidan mai gari. Mutum uku suka fito: malamin gona wanda muka sani yana zuwa daga Zariya, da wani Bature dogo, da wani gajeren mutum mai gajeren wando wanda aka ce makanike ne. Aka tara manoman rake. Malamin gona ya shimfiɗa ƙyalle ya ajiye curin mazarƙwaila uku da ya sayo a kasuwar Makarfi. Ɗaya ja ce mai haske, ɗaya baƙa, ta ukun har ta jiƙa ƙyallen. Ya ce akwai wani kamfani a Kaduna da ke yin alawa, yana son mazarƙwaila mai yawa, amma ba zai karɓi yau ja gobe baƙa ba. Dole kowace ta zama kamar 'yar'uwarta. Ya ce gwamnati za ta kafa wa ƙungiyar manoma rumfa da inji, da wasu kayan awo waɗanda ke faɗa wa mutum daidai lokacin saukewa.

Wani dattijo ya ce, "To dawakin namu fa, me za su yi?"

Aka yi dariya. Malamin gona ya ce su huta, sun sha wahala. Baffa yana zaune a gefe yana kallo. Da aka tambayi wa ya iya karanta lamba a cikin masu aikin kasko, duk idanu suka juyo kaina.

Kafin rani na gaba rumfa ta tashi, da rufin kwano da daɓen siminti. Makaniken ya zauna tare da mu kusan wata biyu. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, Hausarsa da ɗan nauyi, amma ban taɓa ganin mai haƙurin koyarwa kamarsa ba. Ya nuna mini injin mai cin man gas, da wasu dunƙulallun ƙarafa biyu da ke juyawa a samansa. Ya ce sunan wannan gwamna. In inji ya cika gudu, ƙarafan su buɗe su rage mai. In ya yi sanyi, su rufe su ƙara. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallon gwamna, ana ta barkwanci wai mu ma an naɗa mana namu.

Kasko uku aka jera kamar matakala, wuta ɗaya tana bi ta ƙarƙashinsu. Ruwan rake ya fara daga na sama, ana kwashe kumfa, ya gangaro na tsakiya, ya ƙare a na ƙasa inda yake kauri. Akwai wata 'yar takarda da ake tsomawa a ruwan. Launinta ke nuna ko a ƙara farar ƙasa ko kar a ƙara. Sai kuma babban abin: wani agogo mai faɗin tafin hannu, da dogon tsinken ƙarfe da ake nutsawa cikin kasko na ƙasa. Ba lokaci yake nunawa ba, zafi yake aunawa. Allura ɗaya gare shi. An ja masa baƙin layi a wuri ɗaya, jan layi a gaba. Idan allura ta hau jan layi, a sauke.

Ranar da za a gwada, Baturen ya ce a kira tsohon mai dahuwa, yana so ya gani da idonsa. Aka juya fuskar agogon ta yadda Baffa ba zai gan ta ba, ni da malamin gona muka tsaya muna kallon allura. Baffa ya tsaya da ƙwaryarsa. Ya ɗiga ruwan raken a cikin ruwan sanyi, ya murza da yatsa, ya yar. Ya sake. Ya karkata kai kamar mai jin kira daga nesa. Allura tana hawa a hankali, ni kuwa ban san wanda nake so ya yi nasara ba.

Baffa ya ce, "A sauke."

Na duba. Allura tana kan jan layi, ko gashi ɗaya ba ta kauce ba.

Rumfa ta ɗauki kabbara. Baturen ya zo ya kama hannun Baffa yana girgizawa. Aka zagayo da Baffa aka nuna masa agogon, ya daɗe yana kallonsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe ƙarfen nan ya san aiki." Farin ciki yake yi tsakani da Allah, kamar ya samu abokin sana'a.

Sai Baturen ya faɗi wata magana da Turanci. Malamin gona ya fassara cewa Bature yana yaba gwanintar Baffa. Amma ɗan Turancin da na tsinta a makaranta ya ishe ni in gane sauran. Cewa ya yi, yanzu kowa ma zai iya. Na ji, kuma ban gyara fassarar ba, don maganar ta yi mini daɗi.

Rani biyu muka yi cikin nasara. Ba zan rage wa agogon nan hakkinsa ba. Kowane curi ya fito iri ɗaya, ja mai haske, in ka karya shi ka ga yana ƙyalli. Motar kamfani tana zuwa duk sati biyu ta kwashe. Abin da doki ke matsewa a yini, inji ya matse shi kafin hantsi. Mutanen ƙauyukan kusa suka fara kawo rakensu a kan jakai. Aka daina kirana da sunana, aka koma ce mini malamin agogo. Na ɗinka riga mai aljihu a ƙirji na saka fensir. Maiɗakina ta ce ko tafiyata ta canza.

Injinan doki uku ne a garinmu. Ɗaya bayan ɗaya masu su suka sayar, biyu aka kai Hunkuyi, ɗaya wajen Paki. Dawakin ma aka rabu da su, tunda ciyar da doki ba aiki wahala ce. Samarin da ke zama kusa da Baffa suna juya muciya duk suka dawo rumfa. An yi wa Baffa tayin ya zo ya riƙa lura da masu iza wuta, ya ce a ba wani, ƙirjinsa ba ya son hayaƙi. Ya koma noman 'yar gonarsa da tufka igiya a zaure. Ni kuwa na daina kallon kasko gaba ɗaya. Idona na kan allura. Ko launin kumfa ban ƙara lura da shi ba.

Sau ɗaya Baffa ya zo rumfa a wannan tsakanin. Ƙarshen rani na biyu ne, ana matsar raken can ƙasan fadama inda ruwa ke daɗewa. Ya tsaya a bakin rumfa ya yi sallama, na amsa ban matso ba. Ya ɗan shaƙi iska ya ce, "Wannan raken ƙasan fadama ne. Ruwa ya yi masa yawa, kuma ya kwana biyu a sare. A rage masa wuta wajen ƙarshe, in ba haka ba zai kama gindi."

Samari suna jiran abin da zan ce. Na ce, "Baffa, ai komai an rubuta. Allura ba ta san raken sama ko na ƙasa ba."

Ya ce, "Haka ne. Ba ta sani ba."

Ya juya ya tafi. Kaskon ya ɗan kama gindi kamar yadda ya faɗa, amma kaɗan ne, muka kankare, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Da yamma na je gaishe shi kamar kullum, ya amsa kamar kullum. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nuna yana jira ba.

Akwai abin da makanike ya koya mini tun farko. Ya ce agogo ma yana iya ɓata, saboda haka duk safiyar Asabar in tafasa ruwa zalla in tsoma tsinken. Dole allura ta tsaya a kan baƙin layi. In ta kauce, akwai wata 'yar kusa a bayan agogon da ake juyawa da ɗan mabuɗi na musamman. Mabuɗin yana wurinsa, domin dokar ofis ta ce ba mai taɓa kusar sai shi. Yakan zo duk wata ya duba inji, ya gwada agogo, ya sha fura a gidana ya koma.

A rani na uku ƙasa ta rikice. Mu a ƙauye labari kawai muke ji a rediyon mai gari da bakin masu dawowa daga Zariya. Makanike ya zo sau ɗaya a farkon aiki, fuskarsa ba walwala. Ya duba komai ya ce sai wata mai zuwa. Wata ya zo ya wuce, bai zo ba.

Wata Asabar na tsoma tsinke a tafasasshen ruwa, allura ta tsaya ƙasa da baƙin layi, kamar faɗin ƙwayar gero. Na sake tafasa wani ruwan, haka dai. Ni kaɗai ne a rumfa. Na goge agogon na mayar da shi, ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina, tunda na san yadda ta kauce, sai in riƙa saukewa kafin ta kai jan layi da faɗin ƙwayar gero. Gaskiyar magana ita ce tsoro nake ji. In na ce agogo ya ɓaci, me ya rage na malamin agogo?

Dabarar ta yi aiki kwana tara ko goma. Daga nan allura ta fara abin da ta ga dama. Yau ta yi nauyi, gobe ta yi tsalle. Wani lokaci ta maƙale sai na ƙwanƙwasa gilashin. Kasko ɗaya ya fito bai daskare ba, na ce laifin masu wuta ne. Na gaba ya ƙone, na ce laifin rake ne. Sannan aka zo kan raken wani maƙwabcinmu, mutum mai yawan iyali wanda ba shi da wata gona sai wannan 'yar fadamar. Raken shekararsa duka kasko huɗu ne. Na ƙona uku. Ina tsaye ina jiran allura, ƙauri ya cika rumfa, masu muciya suna ce mini, "Malam, anya kuwa?" ni kuma ina cewa a dakata, ba ta kai ba.

Mutumin ya zo ya tsuguna gaban kwanonin. Ya ɓantari kaɗan ya sa a baki, ya tofar. Bai zage ni ba. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya fita. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

A ranar na je gaban mai gari na faɗi gaskiya, har da zancen Asabar ɗin da na ɓoye. Aka tsayar da aiki, aka ce in ɗauki agogon in kai Zariya. Na hau keke zuwa Makarfi, na samu motar kasuwa. A ofis na tarar da sababbin fuskoki. Malamin gonanmu an yi masa canjin wurin aiki. Baturen ya koma ƙasarsu tun bara. Makanike kuwa, wani ya ce ya shiga soja, wani ya ce garinsu ya tafi, ba wanda ya tabbatar. Akawun da na samu ya juya agogon a hannu, ya tambaye ni na wace mota ne. Da na yi bayani ya tura ni wurin mai kula da sito. Wannan dattijo ne mai kirki. Ya buɗe sito ya nuna mini katakai ba komai a kansu. Ya ce irin wannan kaya daga ƙetare ake kawowa ta jirgin ruwa, kuma yanzu ba ta su ake ba. Ya ce in bar takarda. Na rubuta na bari. Sau uku na koma a ranin nan. A zuwa na uku aka nemi takardar aka rasa.

Na gwada wani mai gyaran agogon hannu a bakin kasuwa. Ya buɗe bayan da wuƙa, ya leƙa, ya ce wani siririn bututu ne ya tsage a ciki, ba aikin kusa ba ne. Ko da mabuɗin yana hannuna, ba abin da zai yi.

Rake kuwa ba ya jira. Wanda aka sare yana tsami a tsibi, wanda ke tsaye yana bushewa. Da safe na je zauren Baffa. Yana zaune yana tufka, yana lalubar zaren rama da yatsa, domin a shekarun nan ciwon yanar ido ya rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma gani yake dishi-dishi. Na durƙusa na gaishe shi, muka gama gaisuwa.

Ya ce, "Na ji ƙauri shekaranjiya har nan."

Na ce, "Baffa, na yi kuskure. Ku yafe mini. Ku zo ku taimaki mutane."

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "Kai ɗana ne, ba zancen yafiya tsakaninmu. Amma ido ya tafi, ka sani."

"Na sani, Baffa."

"To ɗauko mini sandata da ƙwarya."

Na riƙe masa hannu har rumfa. Da muka isa ya tsaya ya ce a kashe inji, ba ya jin komai. Aka matse ruwan kasko ɗaya aka kashe. Shiru ya sauka a rumfar, irin wanda muka manta da shi. Aka sa masa kujera kusa da kasko na ƙasa. Ya karkata kai, ya shaƙa, ya miƙo ƙwarya in ɗiga masa, ya murza. Da ya ce a sauke aka sauke, amma ta ɗan wuce, ta yi duhu. Na ji wani a baya yana cewa tsufa ya zo. Baffa ya sa aka kai hannunsa bakin kaskon, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa. Ya ce, "Wannan ya fi nawa kauri. Ko an janye wuta yana ci gaba da dafawa. A sake."

Kasko na biyu ya faɗi kalmar tun ina ganin kamar da saura. Ta fito ja mai haske, ta daskare tun kafin kwanoni su huce. Na uku ma haka. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Shi kuwa tari ya sarƙe shi, sai da aka fitar da shi waje ya sha iska.

Kwana biyar ya yi yana zuwa. Kowane kasko sai ya jawo ni kusa da shi. Ya ce, "Tun da ido ba ni da shi, kunne zan ba ka. Da farko tafasar tana surutu da yawa, kamar mata a bakin rijiya. In ta kusa, sai ta rage, ta yi nauyi, kowane ƙwai in ya fashe ka ji shi shi kaɗai. Sannan akwai wani ɗan canji bayan wannan. Shi nake jira. Saurara. Yanzu. Ka ji?"

Ban ji ba. Tafasa kawai nake ji, kamar yadda nake ji tun ina juya muciya. A rana ta farko da ta biyu na ce ban ji ba. A ta uku na ga yadda yake haki, leɓensa ya bushe, yana jiran amsata. Na ce, "Na ji, Baffa."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Rana ta shida bai iya tashi ba. Matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ka bar shi haka nan. Jiya jini ya gani a tarin." Na koma rumfa ni kaɗai, na sa aka kashe inji, na zauna a kujerarsa na rufe ido. Kasko na farko bai daskare ba. Na biyu ya ƙone. Na uku ya yi dama-dama, amma na san sa'a ce. Kafin sati ya cika mutane sun daina kawo rake. Motar kamfani ta zo, mutumin ya duba abin da muka tara, ja da baƙa da mai tsiyaya, ya zaɓi na kwana biyar ɗin Baffa ya bar sauran. Ba ta sake zuwa ba.

Kullum bayan la'asar nakan je duba shi. Wata rana ya tambaye ni, "Yaya dahuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Baffa."

Ya kamo gefen rigata ya kai hanci. Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya saki ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Je ka ci abinci." Bai ƙara tambayata zancen kasko ba. Ya rasu da bazara, kwana kaɗan kafin ruwan farko.

Da rani ya zagayo aka yi taro aka ce a koma yadda ake yi da. Sai aka tarar ba abin komawa. Injinan doki suna aiki a garuruwan wasu, masu su ba su da niyyar mayarwa. Masu dahuwa biyu da ke bin bayan Baffa a da, ɗaya ya riga shi rasuwa, ɗayan ya koma Ikara wurin ɗansa yana tsaron shago. Samarin da ya kamata a ce sun yi rani biyar ko shida da muciya, inji suka iya tayarwa. Aka ɗauko wani mai dahuwa daga wajen Kudan. Ya iya aiki, amma sai ya gama na garinsu yake zuwa, lokacin rake ya riga ya wuce, kuma ba ya son kowa ya tsaya kusa da shi. Rani ɗaya ya yi. A na biyu bel ɗin inji ya tsinke, aka ɗinke shi da fata, ya sake tsinkewa, aka bari.

Daga nan mutanenmu suka koma sayar da rake a tsaye ga masu manyan motoci da ke kaiwa Kano don sha. Su ke faɗin yadda za su saya, domin sun san ba mu da inda za mu kai shi. Maƙwabcina wanda na ƙona wa kasko uku ya bar fadamarsa ya kwashe iyali ya koma wajen dangin matarsa. Garuruwan da ba a kai musu rumfa ba sun ci gaba da dafa mazarƙwailarsu da doki da kasko ɗaya. Mu da aka fara zaɓa, mu muka rasa.

Na sha juya abin a raina. Agogon bai cuce mu ba, ya yi aikinsa har ya gaji. Waɗanda suka kawo shi ma ban ce mugunta ta kawo su ba. Sun kawo abu ɗaya tak, ba na biyu, ba mai gyara a kusa, kuma mu muka saki abin da ke hannunmu tun ba mu tambayi wa zai zo in ya lalace ba. Ni ne na fi kowa saurin saki. Yanzu ina jin masu zuwa birni suna cewa a manyan masana'antu akwai injinan da ke auna kansu su gyara kansu, mutum yana zaune a ɗaki mai sanyi yana kallon fitilu. Ban musa ba. Amma duk sa'ad da aka faɗa, ba na iya taya su murna.

Shekara biyu da 'yan watanni bayan rasuwar Baffa, da kaka, wata babbar mota ta zo da takarda daga ofis, aka ce an ba wani mutum injin zai yi niƙa da shi. Mai gari ya aiko a kira ni, tunda ni ke iya sa hannu da boko. Na karanta takardar na sa hannu. Ƙarti shida suka kwance injin suka ɗora, suka ce kasake ba sa cikin takarda, suka bar su. Yara suka bi motar da gudu har bakin rafi.

Na dawo gida, maiɗakina ta kawo tuwo, na ce ta rufe. Ta zauna gefe ta ce, "Yanzu me za ka yi da rani?" Na ce ban sani ba. Da sati ya zagayo na ɗaure 'yan kayana na tafi Zariya cin rani. Dako na samu a tashar jirgin ƙasa, kuma shi na yi ta yi duk rani har bayana ya ƙi.